Docker, Podman, Kubernetes ko na'ura tsirara: ina za ka gina manhajar kan lokaci, ina za ka auna jinkirinta?

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar da ke sarrafa injin yankan ƙarfe, ko ta ɗaukar sauti kai tsaye, ya san saurin kwamfuta daban, cika alƙawarin lokaci daban. Mai ɗaukar sautin da ya saita na'urarsa a kan samfur 48,000 cikin sakan ɗaya, tana tura su 64-64, milisakan 1.33 kacal yake da shi kafin a nemi kashi na gaba. In kwamfutar ta cika wannan alƙawari sau miliyan ta saɓa sau ɗaya, ɗayan nan ne kunne zai ji, ƙas, a tsakiyar waƙa. A wurin injin kuwa, ɗayan nan tabo ne a jikin ƙarfen da aka riga aka biya kuɗinsa. Shi ya sa masu wannan sana'a ba su cika damuwa da matsakaicin jinkiri ba. Mafi munin jinkirin da na'ura za ta iya yi, shi suke farauta.

Yanzu kuma kusan kowace manhaja cikin kwantena ake zuba ta, wato a naɗe ta wuri ɗaya da duk laburaren da take buƙata, sai tambaya ta taso: irin wannan manhaja mai tsananin kula da lokaci za ta zauna a kwantena kuwa? In za ta zauna, wanne? Kafin a amsa, dole a raba abubuwa biyu da mutane ke cuɗewa, wato gina manhajar da kuma auna jinkirinta. Amsarsu ba ɗaya ba ce.

Batun gini ba ya buƙatar dogon zance: ka gina a kwantena, ko Docker ko Podman, duk wanda hannunka ya saba da shi. Ɗauki rt-tests, tarin kayan awon da Clark Williams da John Kacur ke kula da shi, wanda a cikinsa cyclictest ɗin da Thomas Gleixner ya fara rubutawa yake. Abin da yake nema kaɗan ne: gcc, make, da laburaren NUMA da Debian da Ubuntu ke kira libnuma-dev, Fedora kuma numactl-devel. Ka rubuta waɗannan a fayil ɗin gini sau ɗaya, abokin aikinka ya samu daidai abin da ka samu, ba sauran "ai a kwamfutata yana tafiya". Ka yi gini mai hawa biyu, hawan farko da kayan harhaɗawa, na biyu da manhajar kaɗai da laburarenta, don kada ka ɗora wa injin masana'anta lodin da ba ya buƙata. Har na furosesar ARM za ka iya ginawa a kan kwamfutar Intel ta hanyar QEMU. Abu ɗaya dai zan ja maka kunne a kai: kwantena da laburaren C nata take zuwa. Wadda aka ɗora a kan Alpine da musl take aiki, ta Debian da glibc. Saboda haka ƙunshin kwantenar da za ka kai filin aiki, shi ɗin za ka auna, kada ka auna ɗan'uwansa.

A wurin awo ne maganar take da tsawo, kuma sai an fara fahimtar abin da kwantena take. Ba ta da kenel nata, wato zuciyar Linux mai raba wa kowane aiki lokacinsa. Manhajar da ke cikin kwantena aiki ne kamar kowane aiki a idon kenel ɗin uwar na'ura, sai dai an kewaye shi da shinge, an rage masa abin da yake gani da abin da aka yarda ya taɓa. Wannan na nufin kwantena ba za ta mayar da kenel na gama-gari ya zama na kan lokaci ba, ko me ka zuba a cikinta. Haka kuma in uwar na'urar na da kenel mai PREEMPT_RT, gyaran da ke mayar da Linux na kan lokaci, kwantena ba ta saka wani bango tsakanin agogo da zarenka, wato layin aikin manhajarka da kenel ke ba lokaci. Samun irin wannan kenel ya yi sauƙi yanzu. Bayan kusan shekara 20 ana riƙe da shi a gefe a matsayin faci, PREEMPT_RT ya shiga ainihin Linux a siga ta 6.12, cikin Nuwamban 2024, ga x86 da ARM64 da RISC-V. Debian na da kunshin linux-image-rt-amd64, Ubuntu kuma ta fitar da nata ta hanyar Ubuntu Pro tun 2023. Ka buga uname -v a cikin kwantenar: in ba ka ga PREEMPT_RT a layin ba, tsaya nan, gyaran ba a kwantena yake ba.

Abin da cyclictest ke yi ba shi da wuyar ganewa. Yana tayar da zare mai babban fifiko, ya ce wa kenel "tashe ni bayan maikurosakan kaza", ya kwanta. Da ya farka sai ya duba agogo, ya rubuta tazarar da ke tsakanin lokacin da ya nema da lokacin da aka tashe shi, ya sake kwanciya. A allonka za ka ga layi ɗaya ga kowane zare, lambobi na ta sauyawa a ƙarƙashin Min, Act, Avg, sai Max a can ƙarshen dama. Act da Avg suna ta rawa. Max kuwa zaune yake shiru, minti goma, minti arba'in, sai ka waiga ka ga ya yi tsalle, kuma ba ya sake saukowa. Wannan lambar ita ce duk abin da ake nema.

Zaɓi na farko shi ne na'ura tsirara, ba kwantena ba komai. Ko da ba a nan manhajarka za ta zauna ba, a nan za ka fara awo, don shi ne mudun da za ka gwada sauran da shi. A nan ake gyara abin da kwantena ba ta da iko a kansa. Ana ware wasu ƙwayoyin furosesa da isolcpus, nohz_full da rcu_nocbs a layin tayar da kenel, a kori katsewar na'urori zuwa sauran ƙwayoyin da irqaffinity. Ana shiga BIOS a hana furosesa yin barci mai nauyi. Sannan a gudanar da hwlatdetect, wanda ke farautar lokutan da BIOS ke ƙwace furosesa gaba ɗaya ta hanyar SMI ba tare da kenel ya ma sani ba. In na'urar na da wannan ciwo, babu kenel ɗin da zai warkar da ita, balle kwantena. Aibin zama a na'ura tsirara shi ne wahalar sabuntawa: injina ashirin, kowanne da laburaren da ya tsufa ta hanyarsa, komawa tsohuwar siga kuma ya zama aikin yini guda.

Docker shi ne wanda mafi yawan mutane za su fara kai hannu gare shi, kuma nan na fara cin karo da bango. Na gina ƙunshina lafiya, na tayar da cyclictest da fifiko 90, sai ya ƙi tashi, yana cewa ba shi da izinin sauya tsarin rabon lokaci, alhali ni root ne, mai cikakken iko, a cikin kwantenar. Dalili shi ne Docker ba ya ba kwantena ikon SYS_NICE sai an roƙa. Hanyar da kowa ke bi cikin gaggawa ita ce --privileged, kuma tana aiki nan take. Ina roƙonka kada ka tsaya a kanta. Ta rushe shingen gaba ɗaya, ta buɗe wa kwantenar duk na'urorin uwar, sakamakon da za ka samu kuma na wani yanayi ne da ba za ka yarda ka kai filin aiki ba. Gara ka ba da abin da ake buƙata ɗaya bayan ɗaya. --cap-add=sys_nice da --ulimit rtprio=95 domin fifiko. --ulimit memlock=-1 ko --cap-add=ipc_lock domin manhajar ta kulle kanta a ram, kada kenel ya tsaya neman shafi a faifai a tsakiyar aiki. Sai --device /dev/cpu_dma_latency, wanda mutane da yawa ke mantawa. Cyclictest kan buɗe wannan fayil ya rubuta sifili a ciki, ya riƙe shi a buɗe, don hana furosesa shiga barci mai nauyi muddin ana awo. A cikin kwantena fayil ɗin ba ya nan sai an shigo da shi. Cyclictest zai yi ɗan gargaɗi a layin farko ya ci gaba, kai kuma ka ga jinkiri ya ƙaru ka ɗora wa kwantena laifi, alhali furosesa ce ke farkawa daga barci. Akwai kuma ɗaya gefen: in cyclictest ya hana barcin amma manhajarka ta gaske ba ta yin haka, awon ya fi gaskiya kyau.

Wuri na biyu da ake zamewa a Docker shi ne bambancin --cpus da --cpuset-cpus. Sunayen sun yi kama, aikinsu ya yi hannun riga. --cpus=2 kaso ne na lokaci: a kowane milisakan 100 ana ba kwantenar abin da ya kai aikin ƙwaya biyu, in ta cinye sai a dakatar da zarurrukanta na gama-gari har zagaye na gaba. Zaren SCHED_FIFO, wato na kan lokaci mai babban fifiko, ba ya cikin wannan lissafi, amma in yana jiran bayani daga zaren gama-garin da aka dakatar, shi ma ya tsaya. --cpuset-cpus=2,3 kuwa ɗaure kwantenar yake yi a ƙwaya ta 2 da ta 3, kuma shi kake so. Sai dai ɗaurewa ba mallaka ba ce. Ya hana kwantenarka fita, bai hana wasu shigowa ba. Korar baƙi aikin uwar na'ura ne, da isolcpus ko da saitin systemd, mai tayar da hidimomin Linux da kula da su.

Za ka kuma ci karo da --cpu-rt-runtime a tsofaffin bayanai. Wannan na zamanin siga ta 1 ne ta cgroup, tsarin da kenel ke raba wa rukunin ayyuka kaso da shi, a kenel ɗin da aka gina da CONFIG_RT_GROUP_SCHED. A can kowane sabon rukuni da kason sifili yake farawa, don haka ko ka ba da duk izinin duniya za a ƙi ka, sai an yanka wa Docker kaso daga sama. A cgroup siga ta 2, wadda rabe-raben Linux na yanzu ke amfani da ita, wannan zaɓi ba ya aiki. Ka duba wacce na'urarka ke kai kafin ka ɓata dare kana kwafar umarnin da ba na zamaninka ba.

Podman, wanda ya fito daga Red Hat, yana karɓar kusan duk waɗannan umarni yadda suke, kuma kenel ɗaya ne a ƙasa, saboda haka kada ka sa ran lambar Max ta bambanta don kawai ka sauya suna. Bambancin yana wurin zama da shi yau da gobe. Docker na da wakili mai gudu a bayan fage kullum, kuma in aka sake tayar da shi kwantenoni kan tsaya, sai in an kunna live-restore. Podman ba shi da wannan wakili. Tun siga ta 4.4 yana zuwa da Quadlet, wanda ke ba ka damar rubuta kwantena a matsayin hidimar systemd, ta tashi da na'ura, a sake tayar da ita in ta faɗi. Ga akwati ɗaya da ke maƙale a jikin inji, wanda ba mai zama kusa da shi, wannan ya fi kwanta mini a rai, don abubuwan da ke motsi a bayan fage sun ragu, kuma duk abin da ya ragu a can ya rage abin da zan zarga in Max ya yi tsalle.

Amma Podman na da nasa tarkon, kuma a wurin da aka fi yabonsa yake, wato gudu ba tare da root ba. A wannan yanayi root ɗin cikin kwantena na jeka-na-yi-ka ne. Ko ka rubuta --cap-add=sys_nice, ikon bai wuce shingen kwantenar ba, mai rabon lokaci na kenel kuma ba ya kallonsa. Abin da zai yi aiki shi ne mai kula da na'ura ya ɗaga wa asusunka iyakar rtprio da memlock a /etc/security/limits.conf, ko a saitin systemd in hidima ce, kwantenar ta gada daga gare ka. Ana yi, kuma ga ɗakin ɗaukar sauti ko kwamfutar da mutane da yawa ke rabawa ya dace ƙwarai. Ga awo mai zurfi kuwa, inda za ka so cyclictest ya tsayar da bin sawun kenel daidai lokacin da jinkiri ya haura iyaka, ko ka yi amfani da rtla timerlat da marigayi Daniel Bristot de Oliveira ya kawo cikin Linux 5.17 don ya nuna maka wane ne ya riƙe ƙwayar, root na gaske kake buƙata. Ni a wajen kwantena nake gudanar da rtla, manhajar tana ciki. Tunda kenel ɗaya ne, yana ganin komai.

Kubernetes, mai sarrafa kwantenoni a kan saba masu yawa, wani mataki ne daban, kuma ba na ba kowa shawararsa don inji ɗaya ko biyu. Kamfanonin sadarwa ne suka ja shi zuwa wannan fage, saboda manhajar tashoshin 5G da ke aiki da tazarar rabin milisakan, a kan saba masu yawa da ba za a iya bi ɗaya-ɗaya da hannu ba. Yana iya ba kwantena ƙwayoyi nata na kanta, amma da sharuɗɗa: a saita CPU Manager a tsarin static, a ware wa tsarin kansa wasu ƙwayoyi, kwantenar kuma ta nemi cikakkiyar lamba, 2 ko 4, abin da ta nema ya yi daidai da iyakarta a furosesa da ram. Ka rubuta 1.5, ka koma cikin taron jama'a ba tare da wani ya gaya maka ba. A saba mai furosesa biyu sai an haɗa da Topology Manager, don kada ƙwayarka ta kasance a gefe ɗaya, ram ɗinta da katin sadarwarta a ɗaya gefen. OpenShift, Kubernetes ɗin Red Hat, ya tattara yawancin wannan a abin da yake kira PerformanceProfile, CRI-O kuma, mai tayar da kwantenoni a ƙarƙashinsa, na karɓar alamomin da ke kashe kason lokaci da kawar da katsewa daga ƙwayoyin kwantenar. Duk wannan yana aiki, sai dai kowane saiti ƙofa ce ta kuskure, kuma kubelet, wakilin Kubernetes a kowace na'ura, da masu tattara rahoto da masu lura da lafiyar kwantena duk suna cin furosesa a na'urar. In ba ka da injina da yawa da ma'aikatan da za su riƙe shi, wahalarsa ta fi amfaninsa.

Saura kwamfutar cikin kwamfuta, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu ba da saninsu ba. Docker Desktop a Windows ko Mac ba ya gudanar da kwantena a kan ƙarfen na'urarka. Akwai ƙaramar Linux da ke gudu a ɓoye a matsayin baƙuwa, Windows ko macOS ne ke yanke lokacin da za ta samu furosesa. Lambar da cyclictest zai nuna a can ba ta gaya maka komai game da injinka. Haka sabar haya ta gama-gari a intanet, haka injinan gwajin da GitHub Actions ke bayarwa, haka Kata Containers da ke saka kowace kwantena cikin ƙaramar kwamfutar kwaikwayo don tsaro. Duk suna da kyau wajen tabbatar da cewa manhajar ta ginu kuma ta tashi. Ana iya gyara KVM, mai gudanar da kwamfutar kwaikwayo a Linux, ya yi aikin kan lokaci, da kenel na musamman a sama da ƙasa da ɗaure kowace ƙwayar baƙuwa a ƙwayar gaske, amma aikin gyaran ya ninka, ka yi shi ne kawai in dole ta sa, misali in inji ɗaya zai ɗauki Windows da manhajar sarrafawa tare.

Ko wanne ka zaɓa, yadda ka yi awon ya fi sunan kayan aikin tasiri. Minti biyar a na'urar da ba ta komai ba awo ba ne. OSADL, ƙungiyar da ke Jamus mai gwada injinan Linux na masana'antu dare da rana, tana zagaye miliyan 100 a tazarar maikurosakan 200, abin da ke cin awa 5 da minti 33 a kowane gwaji. Ka ɗora wa na'urar lodi da stress-ng ko hackbench, ko rteval da ke harhaɗa kenel a gefe yana awo. Ka haɗa da lodin da kwantena kaɗai ke jawowa: tayar da wasu kwantenoni da kashe su, sauko da sabon ƙunshi ana warware shi a faifai, cunkoson sadarwa ta gadar da Docker ke ginawa. In manhajarka da waya take magana da injin, kamar EtherCAT, ka ba ta --network host ko katin sadarwa nata, kuma ka sani cyclictest ba ya auna wannan hanya ko kaɗan, farkawar zare kaɗai yake aunawa. In kuma manhajar irin mai juyawa ce ba ta kwanciya, kamar masu amfani da DPDK, oslat ne abin awonta. Irin wannan zare, a kenel ɗin da ya girmi 6.12, akan ƙwace masa milisakan 50 a kowane sakan, saboda an ƙayyade wa ayyukan kan lokaci 950000 cikin 1000000 na maikurosakan, sai in an sauya sched_rt_runtime_us a uwar na'ura. Wajen zaɓen fifiko kuma ka tuna zarurrukan katsewa a PREEMPT_RT a 50 suke zama. In ka hau samansu da zaren da ba ya sakin ƙwaya, ka toshe katin da kake jiran saƙonsa.

Akwai abin da na koya da tsada a watan Afrilu, a ɗakin da fanka kaɗai ke aiki. Na bar gwaji ya kwana a ƙaramin akwati marar fanka a ciki, sakamakon dare ya yi kyau, na rana ya lalace, na yi kwana biyu ina sauya saitin kwantena. Ashe zafi ne: furosesa na rage gudunta da kanta in ta ɗumama. A laftof ma haka, da wuta ta ɗauke ya koma kan batir, tsarin tanadin wuta ya sauya, lambobin su bi shi. In injinka a shago mai rufin kwano zai zauna, a irin wannan zafin za ka auna shi, da murfinsa a rufe.

Ga yadda nake yanke hukunci in an tambaye ni. Inji ɗaya ko kaɗan, a masana'anta ko ɗakin gwaji: Podman da root, ƙarƙashin systemd, izini ɗaya-ɗaya, ƙwayoyi a ware tun daga kenel. In ƙungiyarku ta riga ta ginu a kan Docker, ku zauna a kansa, ku kunna live-restore, ku guji --cpus, babu ribar jinkiri da za ku samu da ƙaura. Saba masu yawa da ma'aikatan kula da su: Kubernetes. Inda kuma jinkirin zai iya taɓa lafiyar mutum, ko kwamfutar ƙarama ce ƙwarai mai ƙwaya ɗaya ko biyu, na fi son a gina a kwantena a fito da manhajar ta zauna a na'ura tsirara. A kowane hali ina gudanar da umarni ɗaya sau biyu, cyclictest -m -p 90 -i 200 -h 400 a kan ƙwayoyin da aka ware, da lodi iri ɗaya da tsawon lokaci iri ɗaya, sau ɗaya a waje, sau ɗaya a ciki. In wutsiyar jadawalin jinkirin biyu, inda mafi munin lambobi suke, ta yi kusa da juna, kwantenar ta wuce. In ta ciki ta fi tsawo, sai in koma kan /dev/cpu_dma_latency, memlock da cpuset, in duba su da wannan jeri kafin in taɓa wani abu.